Abincin Tsofaffi: Matakai Bakwai da Za Ki Fara Gobe da Safe

A Kafanchan, Kagoro, Zonkwa da Kwoi, gidajen kula da tsofaffi ba su da yawa. Yawancin iyaye da kakanni suna hannun 'ya, suruka ko jika, sai matan zumunta da maƙwabta masu leƙowa. Ko a gida kike kula da Kaka, ko a gidan tsofaffi kike aiki, matsalar ɗaya ce: cin tsoho yana raguwa, amma buƙatar jikinsa ta bitamin da sinadarai tana nan. Don haka ɗan abin da zai ci ya zama mai amfani.

1. Lura da abin da ya rage a kwano. Kwana uku a jere, ki duba abin da Baba ya ci da wanda ya ture. In nama da ganye yake bari, duba bakinsa, sau da yawa haƙora ne. Daka naman, yanka ganyen ƙanana, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan sau biyar a rana.

2. Dama kunun tamba da safe. Mace da ta haura shekara 50 da namiji da ya haura 70 suna buƙatar kalsiyam kimanin miligiram 1,200 a rana don ƙarfin ƙashi. Giram 100 na tamba yana da sama da 300, kofin madara ma kusan haka. Zuba madara ko kindirmon da aka tafasa nononsa a kunun. A miya kuma, daka ƙananan busassun kifi har da ƙayarsu, ki haɗa da riɗi.

3. Fito da shi hantsi. Jiki ba ya amfana da kalsiyam sosai sai da bitamin D, wanda fata ke samarwa idan rana ta taɓa ta. Fatar tsoho ba ta samar da shi kamar ta yaro, balle wanda ke wuni a ɗaki. Ajiye kujera a tsakar gida, ya zauna kamar minti 20, hannuwa da ƙafafu a buɗe, ruwan sha a gefensa.

4. Kada ki manta da bitamin B12. Ana samunsa ne a abincin da ke fitowa daga dabbobi: ƙwai, kifi, nono, nama, da 'yar hanta sau ɗaya a mako. Cikin tsoho ba ya tsotsarsa da kyau, kuma maganin ciwon suga na metformin yana ƙara rage shi idan an daɗe ana sha. In Mama ta ce ƙafafunta suna yi kamar ana tsira mata allura, ko tana tangaɗi, ko mantuwa ta yi yawa, kada ki ce tsufa ne kawai. Kai ta a duba.

5. Gyara yadda kike dafa ganye. Gwaten acca da yakuwa, alayyafo, zogale da wake abinci ne mai ƙara jini, ga shi da sauƙin haɗiya. Sa ganyen a ƙarshe, kada ya daɗe a wuta. Rage kanwa, domin tana lalata wasu bitamin. Bayan cin abinci, ba shi lemo ko gwanda, suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana hanawa, sai ki jinkirta shi da awa ɗaya.

6. Duba abin da kike saya. Gishiri ya zama mai aidin, a rufe shi cikin roba, a kuma sa kaɗan saboda hawan jini, haka ma dunƙulen magi. Tun 2002 doka ta wajabta sa bitamin A cikin man girki, suga da fulawa na kamfani a Najeriya, nemi tambarin ido a jikin kayan. Manja, kabewa da mangwaro ma suna bayar da shi.

7. Kada ki sayi ƙwaya da ka. Maganin ƙarin jini na masu talla a tasha ba naki ba ne. Ƙarancin jini ga tsoho yana iya zama alamar zubar jini a ciki, ƙwaya kuma ɓoye matsalar za ta yi. Tattara duk magungunan da yake sha a leda guda, har da na gargajiya, ki kai babban asibitin da ke Kafanchan ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, a gwada jininsa. Mai ciwon ƙoda ko mai shan maganin tsinka jini, sai an tambayi likita kafin a canza masa abinci. In an rubuta ƙwaya, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Ba sai kin yi bakwai ɗin rana ɗaya ba. Gobe ki fara da kunu da kujerar hantsi, jibi ki ƙara ƙwai. In kuna da yawa masu kula da shi, rubuta tsarin a takarda ki manna a bangon kicin, don duk wadda ta karɓe ki ta san abin da aka ba shi da abin da ya rage.