Wa Ya Ce Wadda Aka Daka Sai Ta Mayar da Sadaki?

Sau uku ke nan cikin wata biyu ana kawo mini magana iri ɗaya daga unguwar Madaki, har na kusa haddace ta. Uwa ce ko gwaggo za ta shigo da yarinya, ta janye mata mayafi ta nuna mini shatin wayar caja a gadon baya, sannan ta rage murya ta ce: "Barista, nawa za mu nemo? An ce sai mun mayar masa da sadakinsa kafin alƙali ya raba, kuma yaran ma nasa ne." Ta baya-bayan nan har ta riga ta sayar da keken ɗinkinta.

Wa ya ce? Duk wanda na tambaya sai ya ce "an ce". To wannan "an ce" ɗin ta zaunar da mata da yawa a ɗakin duka fiye da yadda talauci ya zaunar da su.

Hanya biyu ce mace ke bi ta nemi rabuwa a gaban alƙali, mutanenmu sun cakuɗa su. Akwai kul'i: mijin bai yi mata komai ba, ita ce dai zuciyarta ta ƙi zaman, sai ta fanshi kanta, galibi da sadakin da aka ba ta. Akwai kuma raba aure saboda cutarwa, wato duka, zagin iyaye, hana abinci, ƙaurace wa shimfiɗa ba dalili. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan yankinmu na Gombe ke hukunci da ita a sha'anin auren Musulmi, idan cutarwa ta tabbata alƙali yana da ikon raba auren ko mijin bai so ba, kuma ba ta biyan ko kwabo. Wannan ba fatawar lauyoyin zamani ba ce, tana nan a Mukhtasar da Tuhfa, littattafan da ake karantarwa a zaurukanmu tun kaka da kakanni. Har ma wadda ta biya kul'i don ta tsira daga duka, in daga baya ta tabbatar da cutarwar, tana iya karɓo kuɗinta.

Batun yara kuwa, riƙo na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa da sutura da magani kuma a wuyan uba. Idan uwar ta yi wani aure, riƙon ya fara komawa ga mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. Saboda haka mai cewa "fita ki bar mini 'ya'yana" tun yaro yana goye, son ransa yake faɗa, ba shari'a ba.

Yanzu ga inda ake faɗuwa, kuma a nan zan daɗe. Alƙali ba ya hukunci da hawaye. Na sha ganin mace ta tsaya a gabansa, haushi ya cika ta, ta ce: "Ranka ya daɗe, ni dai a raba mu, ko nawa ne zan biya." Shi ke nan, da bakinta ta mayar da ƙararta kul'i. Kada ki faɗi haka, 'yar'uwa. Ki ce kin zo neman a raba aure saboda cutarwa, ki faɗi rana, ki faɗi abin da ya dake ki da shi, ki faɗi wanda ya gani.

Kuma shaida ba a ranar zaman kotu ake neman ta ba, a ranar dukan ake tara ta. Mu kuwa me muke yi? A gasa mata jiki da ruwan zafi, a shafa man zafi, a jira kumburi ya saɓe "don kada a ji kunya". Bayan mako uku shatin ya ɓace, sai maganarta da tasa. A'a. A ranar a tari Keke a kai ta asibiti, ko na unguwa ko Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ta gaya wa likita gaskiya, kada ta ce santsin banɗaki ne ya kwashe ta, domin abin da ta faɗa shi za a rubuta, shi kuma za a karanta a kotu. A adana katin. A ɗauki hoton raunin, a tura wa wata 'yar'uwa, don wayar ita ake fara ƙwacewa. Saƙon barazana da ya turo ta WhatsApp kada a goge. Maƙwabtan da suka ɓalle ƙofa suka janye shi, a riƙe sunayensu. A sanar da mai unguwa ko da ba zai iya komai ba. Malamai sun yarda cutarwa tana tabbata da shaidu, tana kuma tabbata da labarin da ya bazu a bakin maƙwabta. Ke nan yawan rufa asiri, rufe wa kai ƙofa ne.

Sai kuɗin lauya, wanda shi ma ake tsorata mutane da shi. Hukumar taimakon shari'a, wadda aka fi sani da Legal Aid, tun 1976 take, tana da ofis a Gombe, kuma an kafa ta ne don wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato naira 70,000 tun 2024. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana tsaya wa mata kyauta. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa tana karɓar koke ba da ko sisi ba, haka ma Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha. A kotun yanki ma mace tana iya shigar da ƙararta da kanta. Wadda aka ɗaura wa aure a rajista kuwa, Babbar Kotun Jiha ce tata.

Duka kuma laifi ne, ba "matsalar cikin gida" ba. Wani jami'i a wani ofishin 'yan sanda ya taɓa ce mini, da matar tana tsaye leɓenta a fashe, wai doka ta ba miji damar ladabtarwa. Sashe na 55 na tsohon kundin Penal Code yake nufi, kundin da ya fara aiki a 1960. Bai ma san ko a can ɗin an cire rauni mai tsanani ba, balle ya san dokar VAPP ta hana cin zarafi, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2015, Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya kuma ya sa wa ta jihar Gombe hannu a ƙarshen 2022. A ta tarayya, dukan mata ko miji na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 3, kuma kotu na iya ba da umarnin kariya, ta hana mutum kusantar wadda yake cutarwa. Idan aka kore ki a kantar 'yan sanda, ki nemi ganin DPO ko sashen da ke kula da ƙorafin mata da yara, kuma kada ki je ke kaɗai.

Gwamnati ta yi doka, madalla. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna fiye da rabin matan da aka ci zarafinsu ba su nemi taimako ba, ba su ma gaya wa kowa ba. Dokar da ke cikin durowa da Turanci ba ta isa Madaki ba. A fassara ta, a karanta ta a rediyo, a kai wa masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyya.

Ku kuma iyaye, idan 'yarku ta zo yaji da jini a jikinta, kada ku mayar da ita a daren don kawai an aiko biko. Ku fara kai ta asibiti.