Injin ban ruwa: wane gyara ne namu, wane ne na makanike?

Ƴan'uwa manoma na Barmu da kewaye, a wannan fitowa za mu tattauna a kan injin ban ruwa. Bayan farin shekarar 1984, gwamnatin Janar Seyni Kunce ta yi kira ga talakawa da su rungumi noman rani. A lokacin guga da wasaki da jigo ne kayan aikinmu. Yau kuwa, daga garaken Adar har zuwa Kaita da bakin tabkin Tabalak, ƙarar inji ake ji tun da asuba. Inji mai bakin inci 3 yana iya ɗebo kusan lita 1000 a minti ɗaya. Babu hannun da zai yi haka.

Amma inji yana tsayawa, kuma sau da yawa ranar da aka fi bukatarsa yake tsayawa. Saiwar albasa gajera ce, ba ta cika wuce santimita 30 cikin ƙasa ba. Idan ta rasa ruwa kwana uku ko huɗu lokacin da take yin kai, amfanin ya ragu ke nan. Mai garka ya ɗora inji a kan babur ko amalanke, ya nufi Tawa, ya biya kuɗin tafiya, ya jira makanike, albasa na can tana ƙishi. Shi ya sa muke tambaya: me ya kamata mu yi da hannunmu, me kuma ya kamata mu bar wa mai sana'a?

Aikin da ke wuyanmu

Abu na farko shi ne baƙin mai, wato man da ke sulɓe ƙarafan cikin inji. Kowace safiya, kafin mu ja igiya, mu aje injin a wuri shimfiɗaɗɗe, mu buɗe marfin mai, mu duba. Ya kamata man ya zo har bakin ramin. Ƙaramin inji irin Honda GX160 da makamantansa ba ya cin fiye da rabin lita da ɗan ɗoriya, wato lita 0,6. Wannan ɗan mai shi ne ran injin.

Masu ƙera shi sun ce a juye man sabon inji bayan awa 20 na aiki, daga nan sai kowace awa 100. Mu yi lissafi tare. Wanda ke ban ruwa awa 4 a kowace rana, awa 20 kwana 5 ke nan, awa 100 kuma kwana 25. Ga inda karatunmu ke da rana. Mu samu ɗan littafi, mu rubuta ranar da muka juye mai, mu riƙa rubuta awoyin kowace rana. Wanda bai rubuta ba sai ya ce "ai kwanan nan na juye", alhali wata biyu sun wuce. A ƙasa mai ƙura irin tamu, gara ma a juye kafin awa 100 ta cika. A juye shi inji na da ɗumi, don man ya fita duka.

Tsohon man da aka juye guba ne. Kada a zubar da shi kusa da rijiya ko cikin fangali. Kada a shafa shi a kan gyambo ko ƙazuwar dabba, kamar yadda wasu ke yi.

Na biyu, matatar iska. Soso ne ko takarda a cikin ɗan akwati bisa injin. Da hunturu ƙura kan toshe shi. Inji ya rasa numfashi, ya riƙa fitar da baƙin hayaƙi, ya sha fetur da yawa. Idan soso ne, a wanke shi da ruwa da sabulu, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga masa sabon mai kaɗan, a matse, a mayar. Idan takarda ce, a kakkaɓe ta kawai. Mun sha ganin masu cire matatar gaba ɗaya, wai don inji ya ƙara ƙarfi. Rairayin da ke shiga ta nan yana cinye fistan kamar yadda dutsen wāshi ke cin wuƙa.

Buji ma namu ne. A kwance shi inji na sanyi, a goge baƙin da ya taru, a duba bakinsa. Tsakanin ƙarafa biyu na bakin bai kai milimita ɗaya ba, kusan kaurin katin SIM na waya. A mayar da shi da hannu tukuna, sannan a ɗaure da kile ba da ƙarfin tsiya ba. Mai hankali yana aje sabon buji ɗaya a garka.

Fetur kuwa, na kwalba da muke saye a bakin hanya yakan zo da ƙasa ko ruwa. A tace shi da tsumma mai tsabta. Kada a zuba shi inji na aiki, kada kuma a zuƙe shi da baki ta tiyo, domin idan ya faɗa huhu yana jawo ciwo mai tsanani.

Inji na kuka, ruwa bai zo ba

A nan ne manoma suka fi asarar kuɗi a banza. Inji na aiki lafiya lau, amma tiyo a bushe. Kafin a yi maganar Tawa, a duba abu uku. An cika cikin famfon da ruwa kafin a tada shi? Idan ba a cika ba, ba zai ja ba, kuma zoben da ke tsare ruwa a ciki zai ƙone cikin ɗan lokaci. Tiyon ja bai huje ba, ɗaurin bakinsa bai saki ba? Ƙaramar kafa ta isa iska ta shiga. Rariyar da ke ƙarshen tiyo fa, ba ta toshe da laka ba?

Akwai dalili na huɗu, wanda babu makaniken da ke gyara shi. Irin wannan famfo ba ya jawo ruwan da ya fi mita 7 ko 8 zurfi, ko da sabo ne fil. Nauyin iskar duniya ne ke tura ruwa cikin tiyo, kuma iyakar ƙarfinsa ke nan. A watan Maris da Afrilu ruwan rijiya kan sauka. Sai mutum ya zaci injinsa ya lalace, alhali ruwa ne ya yi nisa. Igiya da dutse sun isa mu auna zurfin kafin mu kashe ko dala.

Dabarar da aka saba ita ce a gina rami kusa da rijiya a saukar da inji, ko a zura shi cikin rijiyar. A nan muna roƙon jama'a su saurara da kyau. Hayaƙin inji yana ɗauke da wata iska mai kisa. Ba ta da launi, ba ta da wari. A fili iska na kwashe ta, amma a cikin rami taruwa take yi. Tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iskar da muke rayuwa da ita. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, daga nan ƙafafu su mutu, mutum ya kasa hawowa. Kada kowa ya sauka rami inji na aiki, ko an kashe shi yanzun nan. Kada a aiki yaro. Idan wani ya faɗi a ciki, a kashe injin daga sama, a kira jama'a. Mai sauka ya ɗaura igiya a ƙugu, wasu na riƙe. A fito da shi fili, a kai shi gidan likita ko da ya farfaɗo.

Inda hannunmu zai tsaya

Duk abin da ke bukatar buɗe cikin inji na makanike ne: daidaita bawul, sauya fistan da zobbansa, sauya zoben famfo da ya fara yoyo, kwance karburato ɗaya bayan ɗaya. Waɗannan ayyuka ana yin su da ma'auni, ba da ido ba. Alamunsu kuwa a fili suke: shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai, ƙarar ƙarfe na bugun ƙarfe, igiya ta yi sako-sako a hannu, ko mai ya koma fari kamar nono domin ruwa ya shiga. Mun san wani da ya kwance injinsa bisa rairayi a gindin bishiya. Ƙananan ƙusoshi biyu suka ɓace, ya kai sauran cikin buhu, ya biya kuɗin gyara biyu.

Haka nan juya inji ya koma aiki da gas. Tun da Najeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 manoma suka ƙara karkata ga wannan. Gas da ke yoyo wuta ne. A bar wanda ya iya ya haɗa shi. Akwai kuma ɗan dunƙulen da ke tsare gudun inji. Wasu na murɗa shi don ruwa ya ƙaru. Ruwan kan ƙaru, kwanan injin ya ragu.

Wanda ya sayi sabon inji a shago, ya nemi takardar ciniki mai kwanan wata da lambar injin. Ya tambayi mai shago ko akwai garanti, na wata nawa, kuma a rubuta. Muddin garanti bai ƙare ba, kada a buɗe injin, a mayar masa. Kafin a biya, a tambaya ko ana samun kayan gyaran wannan iri a Tawa ko Ƙonni. Inji mai araha da babu kayansa a kasuwa, ranar da ya tsaya ya tsaya ke nan.

Wurin makanike ma akwai ladabi da wayo. A yi ciniki kafin ya taɓa. A tsaya a ga aikin, a yi tambaya, domin haka ake koyo. A karɓi tsohon ƙarfen da aka cire. Lokacin da ya fi dacewa a kai masa shi ne bayan girbin hatsi, a watan Oktoba, kafin dashen albasa. A lokacin babu shukar da ke jiran ruwa. Maƙwabta uku ko huɗu na iya haɗa kuɗi su kira shi ya zo gari, ya duba injunansu rana ɗaya.

Idan an cire albasa za a aje inji har baɗi, a zubar da ruwan cikin famfo, a tsiyaye fetur daga tanki da karburato. Fetur da ya wuce wata ɗaya a ciki yakan zama danƙo ya toshe ƙananan hanyoyi. A zuba sabon baƙin mai, a rufe injin da buhu, a ɗora shi bisa katako a ɗakin da ba ya yoyo, nesa da murhu.