Yadda ake haɗa dattijuwa da gidan da ba shi da kaka a kusa

A Fammar, wadda take cikin ƙaramar hukumar Kibiya a ƙasar Rano, akan sami matar da aka auro daga nesa, ko wadda aiki ya kawo mijinta, ta haihu ba uwa ba suruka a kusa, alhali a unguwar akwai dattijuwar da 'ya'yanta suka koma Kano suka bar ta ita kaɗai a ɗaki. Wadda ta karɓi matsayin kaka a irin wannan gida saboda Allah, ba tare da dangantakar jini ba, ita ake nufi da kakar amana a nan.

Ana farawa da sanar da mai unguwa da liman. Daga nan maigidan da kansa zai je da goro ya durƙusa ya gaida dattijuwar, ya kira ta Inna ko Baba, domin roƙon da aka aika yaro da shi yakan sa ta ɗauka 'yar aiki ake nema.

Wurin zaɓe ake yawan kuskure, kuma masu cewa kowace tsohuwa kaka ce ba su taɓa sasanta rigimar da hakan ke haifarwa ba. Ana neman mai riƙe sirri, wadda gidanta yake kusa yadda za ta iya zuwa da dare idan naƙuda ta taso, sannan a guji wadda take da budurwa ko bazawara a gida, saboda matar gida za ta yi zargin kishiya ake shirya mata, kuma da zarar zargin ya shiga, amanar ta watse. Wajibi ne kuma a buga wa kakannin jini waya tun kafin magana ta yi nisa, a tabbatar musu cewa zaɓen suna da lokacin yaye da batun riƙo, wato bayar da yaro ya tashi a hannun wani, duk suna nan a hannunsu.

Ya fi kyau a ƙulla wannan alaƙa kamar wata 3 kafin haihuwa, a riƙa zuwa awo da dattijuwar, domin ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya cewa dakashi, wato nonon farko mai kauri, kariya ne ga jariri, kuma nono zalla ake ba shi har wata 6 ko ruwa ba a haɗawa. Haka batun wankan jego na kwana 40: tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta da ciwon zuciya bayan haihuwa, saboda haka mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko numfashinta yake sarƙewa asibiti za a kai ta nan take.

Ba a yanka wa kakar amana albashi, domin kuɗin wata yakan mayar da zumunci ƙwadago. Abin da ya dace shi ne kwanon abinci, sabulu da goro, ɗan hatsi bayan girbi, turmin atamfa da salla, da ɗaukar nauyin maganinta idan ta kwanta rashin lafiya. Idan yaro ya fara tafiya sai a riƙa kai shi ɗakinta bayan magariba don tatsuniya, a kuma bar ta ta yi wasan jika da shi, ta kira namiji mijinta, mace kuwa kishiyarta.