Harsunan Da Suka Fi Yawan Jama'a A Duniya

Masana sun ƙidaya harsunan da 'yan Adam ke magana da su a yau, suka tarar sun kai wajen 7,000. Nijeriya kaɗai tana da fiye da 500, ƙasar Papua New Guinea kuwa, duk da ƙarancin jama'arta, tana da sama da 800. Amma yawan nan kada ya ruɗe ka. Galibin harsunan na 'yan tsiraru ne, wani ma ƙauye biyu ko uku ne iyakarsa. Wajen rabin mutanen duniya an haife su ne cikin harsuna ashirin da 'yan kai.

To, wane ne kan gaba? Kafin a amsa sai an yi wata tambaya: wa za a ƙirga? Akwai wanda ya sha harshe a nono, akwai wanda ya koye shi da girma, a makaranta ko a kasuwa. In 'yan nono kaɗai za a lissafa, Sinanci irin na Mandarin ba shi da na biyu, don masu shi sun haura miliyan 900. Sifaniyanci ke bi masa da kusan miliyan 500, Turancin Ingilishi kuma ya zo na uku da ƙasa da miliyan 400. In kuwa aka haɗa da masu koyo, sai lissafi ya juya: Ingilishi ya kai kimanin biliyan ɗaya da rabi, ya bar Sinanci a baya da biliyan ɗaya da ɗoriya. Wato cikin mutum huɗu masu jin Ingilishi, uku ba harshen gidansu ba ne.

Wannan bambanci shi ne gindin zancen. Sinanci ya yi yawa ne don mutanen Sin suna da yawa, kuma gwamnatinsu ta tsaya kai da fata tun shekarun 1950 a kan kowane yaro ya koyi daidaitaccen lafazin Beijing a makaranta, ko da Kantonanci ake yi a gidansu. Ingilishi kuwa jirgin ruwa da bindiga ne suka fara kai shi Indiya da Afirka da Ostireliya, daga baya arzikin Amurka da finafinanta da intanet suka ƙarasa aikin. Babu wani daɗi ko sauƙi da ya fi sauran harsuna da shi. Duk wanda ya sha wahalar rubutunsa a aji ya san ana rubuta abu dabam, a faɗi abu dabam.

Haka labarin Sifaniyanci da harshen Fotugal yake. A shekarar 1494 sarakunan ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniya a garin Tordesillas, suka ja layi a tsakiyar teku, suka raba ƙasashen da ba nasu ba. Gabashin Amurka ta Kudu ya faɗo a rabon Fotugal, shi ya sa yau Barazil mai mutum sama da miliyan 200 ke magana da harshen wata ƙasa wadda jama'arta ba su wuce miliyan 10 da kaɗan ba. Meziko ma ta ninka Sifaniya yawan masu Sifaniyanci. Faransanci, mai mutum wajen miliyan 300, yanzu masu amfani da shi kullum sun fi yawa a Afirka, daga Dakar har Kinshasa.

Larabci shi ne ke ba masu ƙidaya ciwon kai. Addinin Musulunci ya fito da shi daga Hijaz ya kai shi Masar da Sham da Magrib, kuma fiye da ƙasashe 20 sun ɗauke shi harshen hukuma. Sai dai Larabcin littafi da na labaran rediyo dabam yake da na kan titi. Mutumin Maroko da na Iraƙi, in kowa ya saki bakin garinsu, da ƙyar za su fahimci juna. Saboda haka wasu ke rarraba shi gida-gida a wajen ƙirga, wasu kuma su haɗe shi su ce ya fi miliyan 300. Ba a ma sa ɗimbin Musulmi masu karanta Alƙur'ani da shi ba tare da suna hira da shi ba. A 1973 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin harsunan aikinta, ya zama na shida bayan Ingilishi da Faransanci da Rashanci da Sifaniyanci da Sinanci.

A Indiya abin akasin haka ne. Hindi yana da mutum kusan miliyan 600, Urdu sama da miliyan 200, ana kuma lissafa su harsuna biyu. Alhali mai sayar da shayi a Delhi da takwaransa na Lahore za su yi ciniki su yi raha ba tafinta. Rubutu ne ya raba su: Urdu da baƙaƙen Larabci daga dama, Hindi da nasa baƙaƙen daga hagu, sai kuma addini da siyasar rabuwar Indiya da Pakistan ta 1947. Finafinan Indiya da matasanmu suka tashi da kallonsu, yawanci da wannan bakin na tsaka-tsaki ake yin su.

Akwai wani babban harshe da jama'armu ba su cika jin sunansa ba, Bangali, mai mutum fiye da miliyan 250 a Bangaladash da gabashin Indiya. Lokacin da Bangaladash take ɓangaren Pakistan, hukuma ta ce Urdu kaɗai ne harshen ƙasa. Ranar 21 ga Fabrairu, 1952, ɗalibai suka fito zanga-zanga a Dhaka, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka rasa rayuka. Wannan rana ce hukumar UNESCO ta ayyana a 1999 a matsayin ranar harshen uwa ta duniya.

Saura hanya guda ta yaɗuwar harshe, wadda a ganina ta fi sauran tsafta: kasuwa. Alhajin da ya zauna a sahu ɗaya da mutanen Indunusiya a Harami ya ji wani harshe da kusan mutum miliyan 200 ke yi. Asalinsa harshen Malay ne na fataken teku. A 1928 matasan ƙasar suka zaɓe shi harshen haɗin kai, suka tsallake na Jawa duk da shi ne mafi yawan 'yan nono, don kada wata ƙabila ta ce an danne ta. Sawahili ma daga tashoshin jiragen ruwa na gabar Afirka ta Gabas ya shiga cikin ƙasa.

Hausa tana cikin wannan sahu. Ayarin fatake masu neman goro ne suka kai ta Gwanja da zangunan Gana, mahajjatan ƙasa suka dasa ta a Chadi da Sudan. Ƙiyasin masana ya sa masu jin ta sama da miliyan 70, kuma kaso mai tsoka cikinsu a kasuwa ko unguwa suka tsince ta. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, a 2025 kuma hukumomin Nijar suka ayyana ta harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki.