Saƙar Kayan Sanyi a Gida: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ta kan taso daga Sahara, ta kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta sauke ta a ƙasar Katsina. Cikin Janairu ma'aunin zafi ya kan sauka wajen digiri 13 da asuba, sa'an nan ya kusa 30 da azahar. Wanda ya bi ta Ƙofar Marusa da sassafe a wannan lokaci zai ga yara sun kewaye wutar kara, waɗansu da riga ɗaya, kai ba hula, ƙafa ba safa. An shirya wannan bayani ne domin Hakimai da malamansu su isar da shi ga masu unguwa, su kuma su isar ga magidanta.

Da fari a san abin da sanyi ke yi da abin da ba ya yi. Ciwon huhu, watau limoniya, ƙwayoyin cuta ke kawo shi, amma ƙura da sanyi da hayaƙin ɗaki su kan share musu hanya. Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2018 wannan ciwo ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar 162,000 a Nijeriya. Jariri ne ya fi shiga haɗari, domin kansa babba ne in an gwada da jikinsa, ɗumi kuwa na fita ta nan da sauri. Saboda haka in zare kaɗan ne a gida, hular jariri za a fara saƙawa, sa'an nan safarsa, sa'an nan ta tsofaffi. Mai gida ya jira, yana da babbar riga.

Aikin hannu ba baƙo ba ne ga matan Katsina. Hannun da ya saba da kaɗi da ɗinkin hula da saƙar faifai ba zai sha wuyar tsinke biyu ba. Tun 1930, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka buɗe wa 'yan mata makaranta a birnin nan, ɗinki na cikin abin da a ke koya musu.

Kayan aiki ba su da yawa: tsinken saƙa biyu masu kaurin milimita 4, ko kwarashi ɗaya, da allura mai faɗin kafa, da tef ɗin tela, da zaren ulu matsakaici. Ƙullin giram 50 ya ishi hular jariri, na giram 100 ya ishi ta babba. Saƙa na ɗumama jiki ne saboda iskar da ta ke tsarewa tsakanin zare da zare, don haka wadda aka matse ta yi tauri ba ta fi ɗumi ba, zare kurum ta ci.

Wurin awo ne masu koyo su ka fi ɓata aiki, ya kamata malamai su karanta wannan a hankali. Kowane zarge da a ka ɗora bisa tsinke, a nan za a kira shi ido. Kafin a fara hula, a saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, a aza tef, a ƙirga idanu nawa su ka shiga inci 4. Da irin zaren da a ka ambata a kan sami kamar 22. Kewayen kan jariri sabon haihuwa inci 13 ne zuwa 14, amma da ya ke saƙa na miƙewa, sai a auna 12, watau ido 66. Kan babba ya kan kai inci 22, a auna 20, ido 110 ke nan. In gwajin wata ya ba da 20 maimakon 22, ta bi lissafin hannunta, kada ta bi na takarda. Bakin hula a yi shi ido ɗaya ta gaba, ɗaya ta baya, domin ya kama kai. Daga nan a miƙe har tsawo ya kai inci 4 ga jariri, ko 7 ga babba, sa'an nan a riƙa haɗa ido biyu su zama ɗaya har su ragu ƙwarai, a zare su da allura, a tsuke, a ɗinke gefe.

Akwai gargaɗi wanda ba a so ya wuce kunnen kowane mai unguwa. Yawancin abin da a ke sayarwa da sunan ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne na masana'anta. Yana da araha, ba ya wuyar wanki, amma in wuta ta taɓa shi narkewa ya ke yi ya manne a fata. A ƙona ɗan guntu a gani: na tunkiya ya kan yi warin ƙonannen gashi ya zama toka, na roba ya kan dunƙule. Yaron da ke sanye da irin wannan kada ya matsa kusa da murhu. Kada a sa wa hular jariri igiya, kada ta rufe masa hanci, a kuma cire ta in rana ta yi zafi. Kwana da kaskon garwashi cikin rufaffen ɗaki kuwa ya hallaka mutane da dama, domin iskarsa mai guba ba ta da wari.

Wanki da ruwa mai ɗan ɗumi a ke yi, ba murɗawa, a shimfiɗa a inuwa. In an rataye, sai ta zube.

Hula ba magani ba ce. In yaro na tari, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance lafiya lau. In ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata biyu, ko 50 ga wanda bai cika shekara ba, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, ko kuwa ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, a kai shi asibiti a ranar.

Ana roƙon Hakimai su sa a yi wannan sanarwa tun cikin Satumba, kafin zare ya yi tsada. Masu unguwa su rubuta sunayen matan da su ka iya saƙa kuma su ka yarda su koyar, da iznin mazajensu, malamin Hakimi ya ajiye takardar a ofis.