Yadda Ake Ɗana wa Sheƙar Shamuwa Kyamara a Maiduguri

Gab da faɗuwar damina shamuwa take isowa, ta gyara sheƙarta a kan tsamiya ko bishiyar maina a tsakiyar mutane. Mai son sanin ƙwai nawa ta saka, da wanda ke ɗauke mata 'ya'ya, sai ya ɗana mata kyamarar nan mai ɗaukar hoto da kanta.

Fara da zaɓen kyamara, kuma a nan aka fi yin asarar kuɗi. Irin wannan kyamara tana farkawa ne idan abu mai ɗumi ya gifta, domin bambancin zafin jikinsa da na wurin take ji. To, a Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, kusan daidai da jikin tsuntsu, sai ta makance da rana tsaka. Saboda haka kada ka saya sai wadda ake iya saita ta ta riƙa ɗauka duk bayan minti 5, da motsi ko babu. Hoto 288 ke nan a kwana guda, shamuwa kuwa takan yi kusan kwana 30 tana kwanci, don haka nemi memori babba. Fitilar dare ta zama mai lamba 940, domin mai 850 tana yin ja kamar garwashi, ɓarawo ya hango. Duba tambarin IP66 saboda ƙura da ruwa. Batir na litiyam. Na arha yakan tsiyaye a zafi ya cinye ƙarfen ciki.

Kafin ka taɓa tsani, je wurin Bulama da mai gidan da bishiyar take. A garin da ya sha rikici tun 2009, na'ura maƙale a reshe ba ƙaramin abu ba ce. Nuna wa 'yan kato da gora na unguwar, ka buɗe ta a gabansu. In cikin Gandun Dajin Chad Basin ne, sai da takardar izini. Yaran unguwa ma nuna musu hoton farko. A ganina sun fi kwaɗo tsaro.

Sai ɗaurawa. Ka yi ta tun shamuwa tana tara kirare, kafin ta yi ƙwai, kuma da sassafe. Tsakanin kyamara da sheƙa a bar mita 2 zuwa 3, in ta matsa kusa hoton ya yi dishi-dishi. Fuskarta ta kalli arewa ko kudu don kada rana ta dalle ta. Tsinke ganyen da ke kaɗawa a gabanta, amma kada ka taɓa wanda ke yi wa sheƙar inuwa. Sa ta a akwatin ƙarfe, ka zagaya reshen da wayar ƙarfe, ka danna kwaɗo, ka sauko kafin minti 10.

Bayan nan rage zirga-zirga. Duk hawan da ka yi uwar tana tashi, ƙwai ya zauna a rana, hankaka kuma yana kallo daga bishiyar gefe.