Kafin ki ɗinka wa 'yar tsana hannu, ki san abin da hannun zai faɗa

Yawancin masu ɗinka 'yar tsana ta ƙyalle sukan ƙarar da ƙoƙarinsu a kan kitso da riga da ɗankwali, in aka zo kan hannu sai a yi masa ɗinkin a-rabu-da-shi. Alhali iyaye da yawa sun fi son wadda ba a zana mata ido da baki ba saboda dalilin addini, kamar yadda 'yan Amish na Amurka su ma aka san su da 'yan tsana marasa fuska. To idan babu fuska, hannu ne kaɗai ya rage ya yi magana. Saboda haka, 'yar'uwa, tun kafin ki ɗauki almakashi ki yanke shawarar abin da hannun zai ce, da kuma wanda zai ce wa.

Babban tarko shi ne hannun da ya fi sauƙin zanawa: tafi a buɗe, yatsu biyar a ware. Ki ɗaga shi ya fuskanci mai kallo, kin ɗinka daƙuwa ke nan, ba uwar da za ta saya wa 'yarta. Ba mu kaɗai ba ne, a ƙasar Girka ma wannan zagi ne mai muni. Amma a Maroko da Tunisiya, siffar buɗaɗɗen tafi da suke kira hamsa ana rataye ta a ƙofa da wuya, suna ɗaukar ta maganin kambun baka. Idan kina son 'yar tsana mai ɗaga hannun gaisuwa, ki haɗe yatsun wuri guda, ki ɗan karkatar da tafin gefe.

Akwai wasu alamomin da ke sauya ma'ana da zarar sun ƙetare iyaka. Yatsu biyu a ware, alamar nasarar da Winston Churchill ya yayata a Yaƙin Duniya na Biyu, sai tafi na kallon mutane take nufin alheri. In aka juya bayan hannu, a Ingila da Ostireliya ta zama ashar, kuma haka ta faru da shugaban Amurka George Bush babba a Kanbera a 1992. Haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe, a Amurka yana nufin komai lafiya, a Japan kuɗi, a Brazil da Turkiyya kuwa batsa. Cusa babban yatsa tsakanin manuniya da na tsakiya laya ce ta sa'a a Brazil da Fotugal, har ana sassaƙa ta da itace, amma a Turkiyya da Rasha cin fuska ce. In kina tallata kayanki a Instagram, ba ki san daga ina mai saye zai fito ba, don haka waɗannan ukun ki bar su sai wanda ya yi oda da bakinsa.

Waɗanda ba sa jawo rigima su ne na girmamawa. Hannun dama a kan ƙirji, daga Kano har Alƙahira gaisuwa ce. Tafi biyu a buɗe suna kallon sama, kowa ya san addu'a ce. Tafi biyu a manne a gaban ƙirji gaisuwar Indiya ce da Tailan, ta dace da 'yar tsana mai shigarsu. Dunƙulallen hannun dama a sama jinjina ce, ta yi wa ɗan tsana mai rawani da babbar riga kyau. Tagumi kuwa, da hannu biyu a ka, ki guje su, domin a wurinmu alamun baƙin ciki ne. Kuma duk abin da za ta riƙe ko ta miƙa, ƙwarya ce ko allo, ya kasance a hannun dama.

Yanzu sai ɗinkin. Atamfa da shadda ki bar su wa riga, sun yi tauri, kuma bakinsu na warwarewa a ƙananan lunguna. Hannu ya fi son yadin auduga mai laushi da matsattsiyar saƙa, ko ƙyallen tsohuwar riga mai talewa. Tsawon hannu daga wuyansa zuwa kan yatsa ya kai kamar daga haɓa zuwa tsakiyar goshi. 'Yar tsana mai inci 16, hannun inci 2 ya ishe ta. Ki yanka samfurin a kwali, ki zana na dama, sannan ki kifa kwalin ki zana na hagu. 

Kada ki yanka kafin ki ɗinka. Ki ninka yadin biyu, fuska na kallon fuska, ki zana da alli ko fensir, ki rage taƙin keke zuwa 1.5, ki bi layin a hankali. A kan yatsa ki riƙa tsayawa da allura a ciki, ki ɗaga ƙafar keke ki juya yadin. A gindin kowane yatsa ki yi taƙi biyu a kwance kafin ki juya, shi ke hana wurin yagewa. Bayan nan ki yanka, ki bar kamar milimita 3 a gefe, ki tsaga tsakanin yatsu har dab da zare ba tare da kin taɓa shi ba. Wajen juyewa, ki zura robar zuƙar lemo cikin yatsan, ki tura kansa ciki da tsinke mara kaifi, zai bi robar ya fito.

Ba kowace alama ke bukatar yatsu a rarrabe ba. Hannun ƙirji, na addu'a da na gaisuwar Indiya duk suna fita da hannu mai babban yatsa kaɗai a ware. Ki sa auduga kaɗan, sannan ki yi layin ɗinki uku a kai, yatsu huɗu sun bayyana. Auduga in ta yi yawa, hannun sai ya kumbura kamar fanke, ya ƙi lanƙwasuwa. Jinjina kuwa, ki naɗe yatsun cikin tafi, ki kwanto babban yatsa a kansu, ki kama da zare ninki biyu.

Alamar da ke son yatsu a ware ita ce ke bukatar waya. Ki sami siririya, ki lanƙwashe bakinta da filaya don kada ta huda yadi, ki naɗe ta da zare ko auduga, ki zura ɗaya a kowane yatsa, ki haɗe su a wuyan hannu. Wannan na 'yar tsanar ado ce da za a ajiye a kan kanta. Ta yaro ƙasa da shekara uku ba waya, ba duwatsun ado, ba maɓalli, domin komai baki yake kaiwa. Ban da wannan, yatsun waya yara na iya murɗa su su koma abin da ba ki nufa ba.

Kafin ki kafe hannun a mazauninsa, ki riƙe shi da fil, ki ɗauki hotonsa ta gaba da ta gefe, domin abin da ya yi kama da gaisuwa ta nan yana iya zama wani abu ta can. In kin gamsu, ki ɗinke gwiwar hannu da jiki, sannan tafin, da zare mai launin yadin, ki ɓoye ƙullin a ciki.

Idan kuma odar ta ƙasar waje ce, ki tura wa mai ita hoton hannun tun yana kan fil, ki tambaye ta ma'anarsa a garinsu kafin ki ɗinke.